Bakan da Ban Ɗaure Ba

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida da hantsi, sai ga jikan maƙwabcina ya dawo daga Tudun Wada da ƙullin kayansa a hannu. Koyon walda aka kai shi, ko shekara bai rufa ba. Na tambayi ubansa ko lafiya, ya ce lafiya ƙalau, shi ya aika a kira shi, wai ya samo masa babur zai riƙa ɗaukar mutane zuwa kasuwa, abin da ake gani a hannu yau ya fi wanda ake jira. Na ce masa, "Ɗan nan, ka bar yaron ya ƙarasa mana. Babur tsufa yake yi, abin da hannu ya iya kuwa tare ake binne su." Ya yi irin dariyar da ake yi wa tsoho, ya ce, "Baba ke nan, ai zamaninku daban, namu daban." Yaron yana tsaye kansa a ƙasa, yana murza yatsunsa da wuta ta fara tattaɓawa. Shi ma ogan nasa har yau ban ji an ce ya tako ya zo jin ba'asi ba. Na san irin wannan tsayuwar, don na taɓa yin ta a ƙofar gidanmu, kuma tun ranar da na gan ta a jikin yaron nan abin yake ta dawo mini.

A lokacin Turawa ba su tafi ba. Ƙauyenmu yana gefen Yako, a ƙasar Kiru. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya bar ni da ƙanne mata biyu da mahaifiyarmu, Inna, a hannun ƙaninsa, Baffa, wanda ya riƙe gandu da rumbuna da duk abin da ke gidan. Ba a dukanmu, amma a gidan nan mun san cewa lomarmu ana kallonta. Wata shekara da rani wani magini ya zo gyaran soron maigari, shi da yaransa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, daga wajen Bebeji, kowa Baba Magini yake ce masa. Na riƙa zuwa ina tsugunawa ina kallonsu daga safe har rana ta take. Inna ta lura. Ita da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta aiki wata tsohuwa ta roƙe shi ya ɗauke ni, ta ce maraya ba shi da gadon da ya wuce abin da hannunsa ya iya. Da aka tambayi Baffa, ko gardama bai yi ba. Baki ɗaya ya ragu a kan tukunya.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗiban ruwa daga kududdufi, sai kwaɓa ƙasa. Mu kan zuba jar ƙasa, mu watsa ciyawa, mu kwarara ruwa, mu shiga da ƙafa muna takawa har gwiwa, ana jin ƙarar nan caɓal-caɓal kamar shanu sun shiga fadama. A bar ta ta kwana ta ruɓa, gobe a sake. Daga nan a koya maka mulmula tubali, ka jera su a rana kamar 'yan tulu, ka riƙa juya su kada gefe ɗaya ya tsage. In an fara ɗora bango kuma, mai jifa yana ƙasa, magini yana zaune a saman bango kamar kan doki. Ka cilla tubali sama, ya cafe, ya dasa, ya miƙo hannu, wani yana hanya. Akwai waƙar da ake yi don kada hannu ya saɓa, na manta baitocinta amma har yanzu in na ji ana daka a turmi biyu kafaɗata tana motsi. Da rani muke yawo, yau muna Bebeji, wata mai zuwa muna Kiru, daga nan a kira mu Burumburum. In ruwa ya sauka kowa ya koma gida noma, a sake haɗuwa bayan an yi girbi. Faso ya tsattsaga mana ƙafa, hannu ya yi kanta, gashi ya yi ja, amma ban taɓa jin ni mutum ne ba sai a cikin wannan taɓo.

Abin da ban ga irinsa ba har yau shi ne yadda Baba Magini yake riƙon yara. Ya kan ce, "Yaro ba ya gudun aiki. Yunwa yake gudu, da wulaƙanci, da rashin sanin ranar da zai gama." Saboda haka ba a taɓa ɗora tubali ba sai kowa ya sha koko, kuma in mai aiki ya kawo tuwo, ƙaramin cikinmu ne yake fara sa hannu. In muna gida Bebeji, matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita take narka man shanu ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga mana a faso, tana faɗa wai mun mayar mata da tsakar gida kududdufi. Yana da faɗa, in ka karkata bango zai sa ka rushe da hannunka, amma ba ya zagin iyayen yaro, kuma ba ya yi maka tsawa a gaban mai gida. Kowane yaro ya san matakin da yake da wanda ke gabansa: daga kwaɓi sai tubali, sai jifa, sai hawa bango, sai yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana bango zaizayewa. Akwai wani yaro ɗan Burumburum da ya gudu saboda manyan cikinmu sun matsa masa da tsokana, wai ƙafarsa gwame ce. Baba Magini ya tsayar da aiki, ya sa takalminsa, ya bi shi har ɗakin uwarsa da goro a aljihu. Da suka dawo ya tara mu ya ce, "Wanda ya kori yaro daga sana'a ya rushe gidan da ba a gina ba tukuna. Wanda ya sake taɓa shi, da ni ya yi." Daga nan ya ba yaron wata 'yar katanga ya ce tasa ce, shi kaɗai zai ɗora ta. Yaron nan bai sake duban hanyar gida ba.

Yanzu fa? Ina ganin yadda ake yi. A kai yaro gareji ko shagon ɗinki, ogan ya mayar da shi ɗan aiken sayo abinci da wankin babur, shekara ta zagayo bai taɓa riƙe abin aiki ba. In ya gaji ya daina zuwa, ba mai tambaya, gobe wani zai kawo nasa. Uban ma ba ya zuwa ya gaida ogan, bai san ko yaron ya ci ko bai ci ba, in ya ga wata 'yar hanya ta samun na cefane sai ya fizge shi. Gari ya cika da waɗanda suka taɓa komai ba su iya komai ba. Ka tambayi saurayi sana'arsa, ya ce ya ɗan yi kanikanci, ya ɗan yi kafinta, ya ɗan yi wayarin. Wannan kalma ta "ɗan yi" ita ta cinye mu. Sai dai ba zan ce zamaninmu tsarkakakke ne ba. Masu fizgar yara tun a wancan lokaci akwai su, ni a hannun ɗayansu na faɗa.

Matakin ƙarshe a gini shi ne baka. Wanda bai taɓa shiga tsohon soro ya ɗaga kai ba ba zai gane ba. Ana tsiro da azara daga jikin bango, ta wannan gefe da wancan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta sha iska, a ƙara wata a kanta tana ɗan rusunowa ciki, haka haka har hannuwan biyu su haɗu a sama su riƙe rufi, ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiyarsa. Ba a auna shi da komai sai ido da tafin hannu. Baba Magini ya kan ce wanda bai ɗaure baka ba, ko ya shekara nawa yana cin ƙasa, mai taya magina ne. Ranar da yaro ya ɗaure nasa kuwa, ranar ake yaye shi, a yi masa addu'a, a fara kiransa aiki da sunansa. Na kai shekarun da gemu ya fara tsiro mini, na wuce duk sauran matakai, sai aka ba mu aikin wani masallaci a wani gari kan hanyar Doguwa. Da bango ya kai inda ake so, wata safiya Baba Magini ya dafa kafaɗata ya nuna sama ya ce, "Na tsakiya nawa ne, ka tsaya kusa da ni ka gani. Na gabas naka ne. In Allah ya yarda bana za ka fita daga hannuna." Ranar ko tuwo kasa ci na yi don murna.

An sauke azara, an jiƙa igiya, sai ga ɗan aike daga ƙauyenmu. Ya gaida Baba Magini, ya juyo gare ni ya ce, "Baffanka ya ce ka ajiye duk abin da ke hannunka ka taho." Na ɗauka wani abu ne ya sami Inna. Ya ce kowa lafiya. Ashe gyaɗa ce. A shekarun nan gyaɗa ta haukata mutane, kowa ya sare daji ya shuka, ana ta kai ta ma'auna ana lodawa zuwa Kano. Baffa ya sayi jakuna yana ɗaukar tasa da ta mutane, 'ya'yansa kuma ƙanana ne, yana neman wanda zai kora masa su duk rani ba tare da ya biya lada ba. Sai ya tuna yana da ɗan ɗan'uwa.

Baba Magini ya wanke hannunsa, ya ce wa manyan yaransa su rufe azara kada rana ta busar da igiya. Ya ce mini, "Tashi mu je tare." Tafiya ce ta kwana a hanya, ga shi ya manyanta, amma bai yarda mun tsaya ba sai don salla. Mun iske Baffa a ƙofar gida ana ɗinke buhuna. Aka gaisa, aka shimfiɗa tabarma, Baba Magini ya ajiye goro, ya ce, "Malam, roƙo na zo yi. Yaron nan ya sha wuya, ya kai bakin gaɓa. Ka ba ni shi zuwa faɗuwar ruwa kawai. In ya ɗaure bakansa na sallame shi, ya zama magini, kai ma ka huta, gidanka ya samu mai riƙe shi."

Baffa ya ce, "Gyaɗa ba ta jiran faɗuwar ruwa."

"To, zan ba ka yarana biyu su kora maka jakunan, ni zan ci da su."

"Ba na sa bare a dukiyata."

"In damina ta zo zan turo maka su noma. Zauren nan naka kuma na ga ya tsufa, zan rushe shi in gina maka sabo, ba sai ka ba ni komai ba."

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Wai Magini, ɗanka ne ko bawanka? Shekarun da ya yi yana taka maka taɓo ba su ishe ka ba? Da zai mutu da yunwa ni na ciyar da shi. Yau da ya yi ƙashi kai za ka ci moriyarsa?"

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Dattijon nan da masu gari suke tashi su tarbe shi, wanda ya girmi Baffa nesa ba kusa ba, ya sauka daga kan tabarma, ya durƙusa a ƙasa, ya cire hularsa. Furfurarsa duk jar ƙasa. Ya ce, "Don Allah, don darajar ɗan'uwanka da ke kabari, kada ka yanke wa yaron nan hannu." Masu ɗinkin buhu suka sunkuyar da kai. Ni ina tsaye jikin bango, kaina a ƙasa, ba ni da bakin magana a gaban manya. Baffa ya tura masa goronsa da ƙafa ya ce, "Tashi, Magini, mutane na kallo. Na gama magana."

Bai haƙura ba. Ya ja ni muka je wurin maigari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka sa baki." Maigari ya ce gaskiya tana wurin Magini, amma ƙanin uba uba ne, ba ya shiga tsakanin mutum da ɗansa. Ni kuwa na san buhunan maigari suna cikin waɗanda jakunan Baffa za su ɗauka. Muka je wurin liman, ya ce a yi haƙuri, biyayya ita ce gaba. Da la'asar na shiga wurin Inna. Na same ta tana kaɗi, mazari yana juyawa, ba ta ɗago ba. Na ce, "Inna, Baba ya ce in kin yarda in bi shi, shi zai ɗauki abin da zai biyo baya." Ta ci gaba da murza mazarinta. Can ta ce, "Baffanka ya riga ya shigo ya faɗa mini, in ka bi magini, ni da ƙannenka mu bi ka. Ina zan kai su?" Zaren ya tsinke a hannunta, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Ta ce, "Ka yi abin da ya ce. Allah yana gani." Ta dama fura a ƙwaryarta ta aure ta ce in kai wa baƙon. Ya karɓa ya sha, ya ce in gaya mata ya gode, ita ta yi nata. Na raka shi har bayan gari. Da za mu rabu ya ce, "Bakan gabas zan ɗaure shi, don masallaci ba ya jira. Amma gini ba ya ƙarewa a duniya. Duk ranar da aka sake ka, ka taho, ba sai ka yi sallama ba."

Haka na koma bayan jakuna. Hannun da aka ce zai ɗaure baka ya koma ɗaure mangala. Daga gona zuwa ma'auna, daga ma'auna zuwa gona, ina bin ƙurar kofato ina cewa "kur, kur," in na wuce gidan da ake gini in kawar da kai. Duk shekara in na yi wa Baffa maganar komawa gini, sai ya ce baɗi. Sau ɗaya na haɗu da Baba Magini ranar kasuwar Kiru. Ya hango ni, ya bar cinikin igiya, ya ja ni gindin wata tsamiya. Ya tsinto karan dawa ya fasa, ya tara 'yar ƙasa ya tofa mata ruwa daga butarsa, ya shiga nuna mini yadda ake tsiro da azarar farko, da inda nauyi yake sauka. Mutane suna wucewa suna kallon tsoho yana wasan ƙasa. Yana cikin yi ya tsaya, ya dubi abin, ya share shi da tafin hannu. Ya ce, "Ƙarya nake maka. Ba a koyonsa a ƙasa. Sai ka hau, azara ta yi maka nauyi a hannu, ka ji tsoro, ina bayanka." Jakuna suka fara kuka, na tashi na tafi.

An sake ni, amma sai da aka gama da ni. Motoci suka fara shigowa har ƙauyuka suna kwasar gyaɗa, jakuna suka rasa aiki, Baffa ya sayar da su. 'Ya'yansa suka tasa, ya yi musu aure, ya yanka musu gonaki masu kyau a gandun da ubana ya sare da hannunsa. Ni ya nuna mini wani fako mai tsakuwa da ko ƙaya ba ta son fitowa, ya ce in gode wa Allah. Ƙannena sun yi aure, Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Lokacin ana ta maganar Turawa sun kusa tafiya, kowa yana murnar za a samu 'yanci. Ni ma na samu nawa, ranar da babu sauran abin da za a tatsa a jikina. Bayan an yi addu'ar Inna na ɗauki sandata na nufi Bebeji.

Gwaggo ce ta fito. Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Sai yanzu? Ya gaji da kallon hanya." Ta kai ni zaure. Yana kwance a kan gadon kara, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ashe tun damina biyu da suka wuce abin ya same shi a kan tsani. Yaran sun watse, wasu sun tafi birni, wasu sun gangara duwatsun kudu haƙar kuza. Cikin waɗanda ya yaye, ɗaya ya tafi Makka a ƙafa ba a sake jin labarinsa ba, ɗaya ya koma ƙasar Zazzau. Ɗa namiji kuwa Allah bai bar masa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo." Ya gane ni. Ya kama hannuna da hagunsa ya juya tafin, yana shafawa da babban yatsa, yana neman kantar magina. Kantar igiyar jaki ya samu.

Na zauna da su, ina yaɓe a gidajen mutane ina kawo abin da ya samu. Ana gab da damina na lura da zauren da yake kwance a ciki. Shi ya gina shi da ƙuruciyarsa, baka biyu ne suka gitta juna, masu wucewa har tsayawa suke su leƙa. Amma shekarun da ya yi a kwance ba a yi wa rufin yaɓe ba, ruwa ya shiga, gara ta bi azara. Tsaga ta fito a ƙafar baka ɗaya, kullum da safe sai mun share garin ƙasa a kan bargonsa. Gwaggo ta ce a mayar da shi cikin gida, ya ƙi, ya riƙe gadon. Ya riƙa nuna mini sama da hagunsa, yana magana, harshe ba ya ba shi. Na gane abin da yake nufi: in warware bakan in sake ɗaure shi, yana kwance yana kallo. Na sa tsani na hau. Na ƙwanƙwasa, na ji inda ya ruɓe, na san ciwon sarai. Na ɓamɓare ƙasa kaɗan, azara ta bayyana, sai duk rufin ya yi wata 'yar ƙara. Na tsaya. Ban san wadda ake fara cirewa ba, ban san wadda ke riƙe da sauran ba. Na duba ƙasa na ce, "Baba, wacce?" Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, abin da ya fito ba kalma ba ce. Gwaggo ta ce, "Sauko, don girman Allah, kada ka rufta mana shi a ka."

Na sauko. Washegari na shiga daji na saro dirka mai gwafa, na kafa ta a tsakiyar zauren na tokare bakan, kamar yadda ake yi wa rumfar awaki. Yana kallona har na gama dandaƙe gindinta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rufa wa mutane ɗaki ba ginshiƙi, ga shi kwance, itace tsaye a gaban gadonsa, kuma yaron da ya fi sa wa rai ne ya kafa shi. Hawaye ya gangaro ta idon nan na ɓarin da ya mutu. Ya yi mini alama in matso, ya dafa kaina, da ƙyar ya haɗa kalma ɗaya, ya ce, "Madalla." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan dirka ita ce babban aikina a gini. Bayanta na yi shekaru ina bin magina ina kwaɓa musu ƙasa, da bulo da kwano suka zo na koma kwaɓa siminti, ina miƙa wa yaran da na girmi iyayensu, suna kirana lebura. Da haka na ci da iyalina, ban yi sata ba, ban yi roƙo ba, na gode wa Allah. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba.

Baba Magini ya rasu cikin wannan damina. A zauren aka yi zaman makoki, ni nake karɓar gaisuwa tunda ba ɗa. Mutane suka zo daga garuruwan da ya yi wa gini. Rana ta uku sai ga mutanen ƙauyenmu, maigari ya turo su, har da Baffa a ciki, ya sha babbar riga. Aka yi addu'a aka shafa. Yana zaune ya jingina da dirkar, sai ya waiwaya ya dube ta, ya bi ta da kallo har sama. Ya tambayi na kusa da shi wa ya kafa wannan, aka nuna ni. Ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ikon Allah. Duk shekarun da ka yi a hannunsa, ɗaki ɗaya ka kasa gyarawa? Ashe gara da na cire ka. Da ka ɓata ƙuruciyarka a banza."

Ta bayan ƙofa na ji Gwaggo ta ja numfashi. Ina da abin faɗa cike da bakina, tun daga ranar da tsoho ya cire hula a gabansa nake tara shi. Amma an haife mu an ce ba a mayar wa uba magana, ga baƙi, ga gawa ko kwana uku ba ta cika ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baffa." Da ya tashi tafiya ni na juya masa takalmansa.

Shi ma ya daɗe da mutuwa, na yi masa wanka, na sa shi a kabari da hannuna. Malamai sun ce a yafe, na kuwa yi ta cewa na yafe. Amma wannan "haka ne" da na faɗa, har yau tana nan a maƙogwarona, ta ƙi wucewa.